Ƙananan Maɗaba'u da Mujallun da Ke Tallafa wa Mata Marubuta Adabin Hasashe: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke wannan shafi su ne waɗanda suka fi yawan tasowa a tsakanin mata masu rubuta labaran kimiyya da na al'ajabi da na ban tsoro, musamman a lokacin da mace ta gama labarinta, ta gyara shi iya gyara, sannan ta tsaya tana tunanin inda za ta kai shi. An fara da masu sauƙi aka gangara zuwa masu zurfi, kuma kowace amsa tana iya tsayawa da ƙafarta, sai dai inda amsa ta jingina da wata, an nuna wurin da za a duba.

Me ake nufi da adabin hasashe?

Adabin hasashe suna ne da ya haɗa duk labarin da ya ɗauki duniya ya sauya mata wata ƙa'ida, sannan ya bi abin da zai biyo baya da gaske. A ƙarƙashinsa akwai ƙagaggun labaran kimiyya, da labaran al'ajabi masu tsafi da halittun ɓoye, da labaran ban tsoro, da waɗanda suke sake tsara tarihi kamar wani abu bai faru yadda ya faru ba, da kuma masu zana al'umma ta gaba, ko mai daɗin zama ko mai ƙunci. Tambayar da ta haɗa su duka ita ce "da a ce abin ba haka yake ba, yaya rayuwa za ta kasance?", kuma wannan tambaya ce ta sa mata da yawa suka rungumi fannin, domin tana ba su damar auna tsarin iyali da mulki da aiki ba tare da sun ɗauka cewa yadda aka same shi haka zai dawwama ba.

Mece ce ƙaramar maɗaba'a, kuma me ya bambanta ta da manyan kamfanonin ɗab'i?

Ƙaramar maɗaba'a ita ce wadda ba ta ƙarƙashin wani babban kamfani, tana fitar da littattafai kaɗan a shekara, kuma sau da yawa mutum ɗaya ko biyu ne suke karanta rubutu, su gyara, su tsara bango, su kuma yi talla. Tana ɗaukar nauyin buga littafin da kuɗinta, ta biya marubuciya kasonta daga ciniki. Wannan shi ne abin da ya raba ta da kamfanin da ke karɓar kuɗi a hannun marubuciya, wanda aka yi bayaninsa a tambayar da ta shafi maɗaba'ar da ke neman a biya ta.

Babban kamfani yana da ma'aikata da gidaje da ɗawainiya mai yawa, don haka dole ne kowane littafi ya yi alƙawarin ciniki mai yawa kafin a karɓe shi. Ƙaramar maɗaba'a kuwa tana iya mayar da kuɗinta da kwafi kaɗan, musamman yanzu da ake buga littafi daidai da buƙatar masu saye kuma ake sayar da na karantawa a waya. Saboda haka tana iya karɓar abin da manya suke gudu, kamar kundin gajerun labarai, da matsakaicin labari wanda bai kai cikakken littafi ba, da waƙoƙi, da nazari, da littafin farko na marubuciyar da ba a san sunanta ba. Bambanci na biyu shi ne yawancin manyan kamfanoni ba sa karɓar rubutu sai ta hannun wakilin marubuci, alhali ƙananan da dama suna buɗe ƙofa kai tsaye a wasu lokuta na shekara.

Me ya sa ake buƙatar wuraren da suka mai da hankali kan mata, tunda mata suna lashe manyan lambobin yabo a fannin?

Gaskiya ne cewa mata sun yi fice a shekarun nan, kuma N. K. Jemisin ta lashe lambar Hugo ta littafi, ɗaya daga cikin manyan lambobin yabo na fannin, sau uku a jere, daga 2016 zuwa 2018. Amma wannan nasara ba daga sama ta faɗo ba. An daɗe ana ɗaukar fannin a matsayin na maza, har ta kai mata suna ɓoye sunansu. Alice Norton ta zama Andre Norton, sannan a 1969 wata mujalla ta nemi Ursula K. Le Guin ta yarda a sa "U. K. Le Guin" a kan labarinta don kada masu karatu su gane mace ce. Alice Sheldon kuwa ta shafe shekaru tana rubutu da sunan James Tiptree Jr., ana yabon rubutun a matsayin na namiji tsantsa, har asirin ya tonu a ƙarshen 1976.

Matsalar ba ta tsaya a bugawa ba. A 1983 Joanna Russ ta wallafa nazari kan hanyoyin da ake bi a danne rubutun mata bayan ya fito: a ce ba ita ta rubuta ba, ko a ce ta rubuta amma abin da ta taɓo ba shi da muhimmanci, ko a yaba mata littafi ɗaya a mance da sauran. Shekaru da yawa bayan haka mujallar Strange Horizons ta riƙa ƙidaya littattafan da mujallun fannin suke yi wa sharhi kowace shekara, kuma ƙidayar ta nuna cewa littattafan maza sun fi samun sharhi a wurare da dama. Littafin da ba a yi masa sharhi ba, ba a sake buga shi ba, ba a sa shi cikin kundin zaɓaɓɓun labarai ba, mutuwa yake yi a hankali. Aikin waɗannan maɗaba'u shi ne su buga sabo, su kuma hana tsoho ɓacewa, kuma a ganina na biyun bai gaza na farkon muhimmanci ba.

Yaushe wannan aiki ya fara?

Ya girmi yadda mutane suke zato. A 1905 Rokeya Sakhawat Hossain, 'yar yankin Bengal, ta buga gajeren labarinta "Sultana's Dream" a The Indian Ladies' Magazine, wata mujallar mata da ake bugawa a Madras. Labarin ya zana ƙasar da mata suke tafiyar da ita da ilimin kimiyya, suna amfani da zafin rana. A Amurka kuma, Charlotte Perkins Gilman ta buga "Herland" kashi-kashi a 1915 cikin mujallarta ta kanta, The Forerunner, kuma labarin bai fito a matsayin littafi ba sai 1979. Duka biyun ƙaramar mujalla ce ta fara ɗaukarsu, kuma labarin Rokeya ya sake isa ga sababbin masu karatu ne bayan maɗaba'ar The Feminist Press, wadda Florence Howe ta kafa a 1970, ta sake buga shi a 1988.

A shekarun 1970 aikin ya koma hannun masu sha'awar fannin da suke buga 'yan mujallu da kuɗin aljihunsu su aika ta gidan waya. Amanda Bankier ta fara The Witch and the Chameleon a Kanada a 1974, sannan Janus ta biyo baya a 1975 a birnin Madison na jihar Wisconsin, ƙarƙashin Janice Bogstad da Jeanne Gomoll. Daga cikin wannan da'ira ne WisCon, taron marubuta da masu karatun fannin da ke duba al'amuran mata, ya fito a 1977. A Landan, maɗaba'ar The Women's Press ta buɗe jerin littattafan labaran kimiyya na mata a 1985, da jagorancin Jen Green da Sarah Lefanu. A 1991 Pat Murphy da Karen Joy Fowler suka kafa lambar yabo da sunan Tiptree don ayyukan da suke nazarin matsayin mace da namiji, aka riƙa tara kuɗinta ta hanyar sayar da kek da sauran gasassun kayan ciye-ciye a wuraren taro, kuma a 2019 aka sauya mata suna zuwa Otherwise.

Waɗanne ƙananan maɗaba'u ne suka yi suna a wannan aiki?

Wadda ta fi fitowa fili ita ce Aqueduct Press da ke Seattle, wadda marubuciya L. Timmel Duchamp ta kafa a 2004 musamman don labaran kimiyya masu duba al'amuran mata. Tana da jerin ƙananan littattafai mai suna Conversation Pieces, inda take buga matsakaitan labarai da waƙoƙi da muƙaloli waɗanda tsawonsu bai dace da kasuwar manya ba. Ita ta buga ayyukan Nisi Shawl da Andrea Hairston da Vandana Singh, kuma wani littafin Gwyneth Jones da ta fitar a shekararta ta farko ya lashe lambar Philip K. Dick.

A Ostareliya akwai Twelfth Planet Press ta Alisa Krasnostein, wadda ta shirya jerin kundaye na gajerun labaran mata marubutan ƙasar mai suna Twelve Planets, kuma aikin maɗaba'ar ya kai ta ga lambar World Fantasy a 2011. A Indiya akwai Zubaan, wadda Urvashi Butalia ta kafa a 2003 bayan maɗaba'ar Kali for Women da suka fara da Ritu Menon a 1984. Ba adabin hasashe kaɗai take bugawa ba, amma ta ba shi wuri, ciki har da kundin labaran Vandana Singh. Small Beer Press, ta Kelly Link da Gavin Grant, wadda aka kafa a 2000, ba ta ware kanta ga mata ba, amma ita ta buga littafin farko na Sofia Samatar a 2013, wanda ya lashe lambar World Fantasy a shekarar da ta biyo baya. Cassava Republic Press, wadda Bibi Bakare-Yusuf ta kafa a Abuja a 2006, ta kawo aikin Nnedi Okorafor ga masu karatu na Afirka.

Kafin ki dogara da kowane suna a nan, ki leƙa shafin maɗaba'ar ki ga halin da take ciki, domin ƙananan gidaje suna rufe karɓar rubutu na tsawon lokaci idan aiki ya yi musu yawa.

Mujallu fa?

Luna Station Quarterly, wadda Jennifer Lyn Parsons ta kafa, ta riƙa fitowa sau huɗu a shekara kuma ta keɓe shafukanta ga rubutun mata, musamman sababbin marubuta. Sauran mujallun da suka taka rawa ba na mata zalla ba ne, amma mata ne suka kafa su ko suke cikin jagorancinsu, kuma hakan ya bayyana a abin da suke bugawa. Mary Anne Mohanraj ta kafa Strange Horizons a 2000, ana karanta ta kyauta a intanet, kuma ta lashe Hugo a 2024. Uncanny ta fara a 2014 ƙarƙashin Lynne M. Thomas da Michael Damian Thomas. Omenana, mai buga labaran marubutan Afirka, ta fara a 2014 a hannun Mazi Nwonwu da Chinelo Onwualu. FIYAH, wadda ta keɓe kanta ga baƙaƙen fata marubuta, ta fitar da bugunta na farko a 2017 ta kuma lashe Hugo a 2021.

Akwai kuma bugu na musamman. A watan Yunin 2014 mujallar Lightspeed ta miƙa bugu guda ga mata baki ɗaya, marubuta da editoci da masu zane, ƙarƙashin Christie Yant, a matsayin martani ga masu cewa mata suna lalata fannin. An nemi dala dubu 5 daga masu karatu ta shafin Kickstarter, sai aka tara sama da dubu 50, wanda ya nuna cewa masu son karanta irin wannan rubutu sun fi yadda ake tsammani yawa.

Shin waɗannan wurare mata kaɗai suke bugawa, kuma dole ne labarina ya zama kan matsalolin mata?

Sun kasu gida biyu. Wasu suna duba wace ce marubuciyar, kuma za su karɓi labarin jirgin sararin samaniya ko na dodo ko da babu maganar jinsi a cikinsa. Wasu kuma suna duba abin da rubutun ya ƙunsa, don haka suna iya buga namiji idan aikinsa ya shiga cikin tattaunawar da suke yi. Kowace mujalla tana bayyana wanda take karɓa a shafin ƙa'idojinta, kuma nan ne kawai za a samu amsa tabbatacciya. Shawarata ita ce kada ki lanƙwasa labarinki don ya yi kama da abin da kike zaton ana so, domin editocin da suka karanta ɗaruruwan labarai suna saurin gane rubutun da aka yi don neman shiga.

Daga ina suke samun kuɗin gudanarwa?

Mujallu suna rayuwa ne da kuɗin masu biyan shekara, da gudummawar wata-wata ta shafuka irin su Patreon, da gidauniyar da ake buɗewa sau ɗaya a shekara, da ɗan tallafi daga hukumomin raya adabi a ƙasashen da suke da su. Strange Horizons, alal misali, ba don riba aka kafa ta ba. Ma'aikatanta 'yan sa-kai ne, kuma abin da masu karatu suka tara shi ake biyan marubuta da shi. Maɗaba'u kuwa sun dogara da cinikin littattafai, kuma sau da yawa mai gidan tana da wani aikin da take ci da shi. Wannan shi ne ƙarfinsu, domin babu mai hannun jari da zai tilasta musu bin kasuwa, kuma shi ne rauninsu, domin rashin lafiyar mutum ɗaya yana iya tsayar da komai. Duba tambayar da ta shafi durƙushewar maɗaba'a.

Nawa ake biyan marubuciya?

A gajerun labarai ana biya ne bisa adadin kalmomi. Ƙungiyar marubutan fannin da ake kira SFWA ta sanya santi 8 na dalar Amurka a kowace kalma a matsayin ma'aunin biyan ƙwararru a 2019, wato labari mai kalmomi 5,000 zai kawo dala 400. Akwai mujallun da suke biyan wannan ko fiye, akwai masu biyan santi ɗaya ko biyu, akwai kuma masu ba da ɗan abin alheri kawai tare da kwafin mujalla. Hanyar da ta fi dacewa ita ce ki fara da masu biya da kyau waɗanda labarinki ya dace da su, ki gangaro idan ba su karɓa ba, domin haƙƙin bugu na farko sau ɗaya ake sayar da shi.

A littafi kuwa, ƙaramar maɗaba'a tana ba da ɗan kafin alƙalami ko kuma ba ta bayarwa sam, sai dai kaso daga ciniki wanda ake lissafawa sau ɗaya ko sau biyu a shekara. Abin da ya fi adadin kason muhimmanci shi ne a kan me ake lissafa shi: farashin da ke bangon littafi, ko abin da ya shigo hannun maɗaba'a bayan masu sayarwa sun cire nasu. Tsakanin waɗannan biyu akwai tazara mai yawa, kuma an ƙara bayani a tambayar yarjejeniya.

Yaya ake aika labari?

Mataki na farko shi ne karatu. Ki karanta bugu biyu ko uku na mujallar kafin ki aika mata komai, domin babu bayanin da zai nuna miki ɗanɗanon edita kamar labaran da ta riga ta zaɓa. Daga nan ki karanta ƙa'idojin karɓar rubutu ki bi su dalla-dalla: iyakar kalmomi, irin fayil, lokacin da ƙofa take buɗe, da ko ana so ki cire sunanki daga rubutun don a karanta shi ba tare da an san mai shi ba. Yawancin mujallun suna bin tsarin shafi da William Shunn ya yi bayaninsa, wanda ake samu kyauta a intanet. Wasiƙar rakiya ta zama gajeriya: sunan labari, adadin kalmomi, da wuri biyu ko uku da aka taɓa buga ki idan akwai. Idan babu, ba abin kunya ba ne, kuma ba a buƙatar ki ba da haƙuri.

Ki san rabe-raben tsawo, domin da su ake magana a fannin. A ma'aunin lambar Hugo, gajeren labari bai kai kalmomi 7,500 ba, mai bi masa yana tsakanin 7,500 da 17,500, matsakaicin labari daga 17,500 zuwa 40,000, abin da ya haura haka kuma littafi ne cikakke. Ki kuma lura ko mujallar ta yarda a aika labari ɗaya wurare da yawa a lokaci guda, domin da dama ba su yarda ba. Shafin The Submission Grinder yana nuna mujallun da suke karɓa, da abin da suke biya, da tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su amsa.

Abu na ƙarshe da sababbin marubuta suke yawan faɗawa cikinsa shi ne, labarin da kika riga kika sa a Facebook ko wani shafi da kowa zai iya gani, yawancin mujallu suna ɗaukarsa a matsayin wanda aka riga aka buga, don haka ko dai su ƙi shi ko su biya kuɗin sake bugawa, wanda bai kai na farko ba.

An ƙi karɓar labarina. Alama ce cewa bai yi kyau ba?

Ba lallai ba ne. Mujalla tana samun labarai masu yawa ƙwarai a kowane wata alhali wurin da take da shi bai wuce na 'yan kaɗan ba, kuma akwai masu karatun farko da suke tankade da rairaya kafin wani abu ya isa teburin babbar edita. Ana iya ƙin labari mai kyau don an riga an sayi mai kama da shi. Idan amsar ta zo da bayani na musamman kan labarinki, ko aka ce ki sake turo wani, wannan alama ce mai kyau, domin editoci ba su da lokacin rubuta haka ga kowa. Kada ki mayar da martani kina jayayya. Ki aika labarin wani wuri, ki ci gaba da rubuta sabo. Idan wurare da yawa suka nuna matsala iri ɗaya, to lokacin gyara ya yi.

Me ya kamata in duba a yarjejeniya kafin in sa hannu?

Abu na farko shi ne haƙƙin mallaka ya zauna a hannunki. Mujalla izinin bugawa take saye, ba labarin kansa ba. Yarjejeniya mai kyau tana faɗin wane izini aka saya, a wane harshe, a wace siga, da tsawon lokacin da ba za ki buga labarin a wani wuri ba, wanda yawanci yake daga 'yan watanni zuwa shekara. Bayan wannan lokaci labarin naki ne ki sake sayarwa, ko da mujallar ta ci gaba da ajiye shi a rumbunta. Ki yi hattara da takardar da ta ce an sayi "dukkan haƙƙoƙi", ko ta haɗa da na fim da fassara da sauti alhali maɗaba'ar ba ta da hanyar amfani da su.

A yarjejeniyar littafi, ki nemi sharaɗin da ya bayyana lokacin da haƙƙi zai dawo hannunki: idan ba a buga littafin cikin wa'adin da aka ambata ba, idan ciniki ya faɗi ƙasa da wani adadi, idan an daina biyanki, ko idan maɗaba'ar ta rufe. Wannan ya zama dole a zamanin da littafi ba ya ƙarewa a kasuwa saboda kwafin lantarki, domin in babu adadi a rubuce, ana iya riƙe aikinki har abada da hujjar cewa yana nan ana sayarwa. Ki kuma tabbatar ba za a yi babban gyara ba sai da yardarki, kuma an rubuta ranar da za a riƙa turo lissafin ciniki.

Kirkin edita da kyakkyawar manufar maɗaba'a ba sa maye gurbin rubutacciyar yarjejeniya. Mata da yawa suna jin nauyin tambaya idan gidan na mata ne kuma an san ba shi da kuɗi, amma maɗaba'ar da ta san aikinta ba ta ɓata rai don marubuciya ta nemi a fayyace mata wani sharaɗi.

Wata maɗaba'a ta ce za ta buga littafina idan na biya wani kaso. In yarda?

Ƙa'idar da marubutan fannin suke maimaitawa, wadda James D. Macdonald ya fara faɗa, ita ce kuɗi wajen marubuci suke tafiya, ba daga wajensa ba. Kamfanin da yake samun ribarsa daga aljihun marubuta ba shi da dalilin wahalar da kansa wajen neman masu karatu, ko da ya yi amfani da kalmomin ƙarfafa mata a tallarsa. Wannan ya bambanta da buga littafi da kanki, inda kike ɗaukar mai gyara da mai zane ki biya su, amma haƙƙi da ciniki duka naki ne. Shafin Writer Beware, wanda Victoria Strauss da A. C. Crispin suka fara a 1998, yana tattara koke-koken marubuta kan irin waɗannan kamfanoni, kuma yana da kyau a bincika sunan kowace maɗaba'a a can kafin a sa hannu.

Me zai faru da aikina idan maɗaba'ar ta durƙushe?

Hakan yana faruwa, kuma alamominsa sukan bayyana tun da wuri: jinkirin biya, ɗage ranar fitar littafi sau da yawa, da shirun edita. Idan kika ga haka, ki rubuta cikin ladabi ki nemi lissafinki, ki ajiye kwafin kowace wasiƙa, ki kuma tuntuɓi sauran marubutan gidan don ki san ko ke kaɗai abin ya shafa. Idan rufewa ta tabbata, abin da ya fi kuɗin da kike bi muhimmanci shi ne takardar da ta mayar miki da haƙƙinki a rubuce, domin babu wata maɗaba'a da za ta sake buga littafin sai ta ga ita. Nan ne amfanin sharaɗin da aka ambata a tambayar yarjejeniya yake bayyana.

Bugawa a ƙaramin wuri zai hana ni isa ga manyan kamfanoni?

Ba zai hana ba, kuma sau da yawa ta nan hanyar take bi. Strange Horizons ta buga ɗaya daga cikin labaran farko na Nnedi Okorafor a 2000, shekaru kafin sunanta ya zagaye duniya. Wakilan marubuta da editocin manyan kamfanoni suna karanta waɗannan mujallu don neman sababbin muryoyi, kuma gajerun labaran da suke shiga takarar Hugo da Nebula yawancinsu daga irin waɗannan mujallu suke fitowa. Akwai ma waɗanda suka yi suna sannan suka zaɓi maɗaba'a mai zaman kanta: Four Walls Eight Windows da Seven Stories Press ne suka buga littattafan Octavia Butler na shekarun 1990. Abin da ƙaramar maɗaba'a ba za ta iya ba ki ba shi ne ganin littafinki a kowane shago, kuma za ki ɗauki kaso mai yawa na aikin talla da kanki.

Ina zaune nesa da ƙasashen da waɗannan mujallu suke, ko kuma ba da Turanci nake rubutu ba. Akwai hanya?

Kusan duk mujallun da aka ambata ta intanet suke karɓar rubutu, ba su kuma neman kuɗin karantawa, don haka nisa ba ya hana aikawa. Abin da ya kamata ki tambaya tun farko shi ne hanyar biya, domin ba kowace manhajar tura kuɗi ce take aiki a kowace ƙasa ba. Ga masu rubutu da wani harshe, Strange Horizons ta buɗe Samovar a 2017, wadda take buga labari a harshensa na asali tare da fassararsa ta Turanci, kuma tana biyan marubuciya da mai fassara. Marubutan Afirka suna da lambar Nommo, wadda aka fara bayarwa a 2017. Akwai kuma tallafin Speculative Literature Foundation, da guraben karatu na tunawa da Octavia Butler da Carl Brandon Society take bayarwa don halartar Clarion, bitar koyar da rubutun adabin hasashe.

Zan iya amfani da manhajar ƙirƙirarriyar basira wajen rubuta labarin da zan aika?

Yawancin mujallun fannin sun hana, kuma sun rubuta haka a ƙa'idojinsu. A watan Fabrairun 2023 mujallar Clarkesworld ta rufe karɓar rubutu na ɗan lokaci saboda ambaliyar labaran da na'ura ta rubuta, kuma tun daga lokacin wasu wuraren suke haramta wa wanda aka kama sake aikawa. Waɗanda irin wannan ambaliya ta fi cutarwa su ne sababbin marubuta da ba su san kowa ba, domin buɗaɗɗiyar ƙofar karɓar rubutu ita ce kawai hanyarsu ta shiga.

Ni mai karatu ce, ba marubuciya ba. Ta yaya zan taimaka?

Ki sayi littafi kai tsaye daga shafin maɗaba'ar idan zai yiwu, domin haka ya fi barin kuɗi a hannunta da hannun marubuciya fiye da saye ta hannun manyan dillalai. Ki biya kuɗin shekara na mujalla ɗaya da kike karantawa, ko ki sa abin da ya sawwaƙa idan ta buɗe gidauniya. Idan babu hali, ki nemi ɗakin karatu ya sayo littafin, ki rubuta sharhi ko da na layi biyar ne, ki kuma ambaci sunan marubuciyar da na mujallar a duk inda kika yi maganar labarin. Idan kina da lokaci da haƙurin karatu, mujallu da yawa suna neman 'yan sa-kai da za su yi karatun farko na labaran da aka turo, kuma sukan sanar da haka a shafukansu idan gurbi ya samu.